Shawarwarin da suka fito daga hirarmu kan sauro da Wolbachia

Bayan la'asar ranar Asabar muka zauna a Tudun Wada, Gombe, malamai biyu da ɗalibai da wata ma'aikaciyar lafiya, muna tattauna aikin Farfesa Scott O'Neill na Ostareliya. Shi ne ya jagoranci saka ƙwayar Wolbachia, wadda ke zaune a jikin ƙwari da yawa, cikin sauron Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi. Ƙwayar tana hana cutar dengi hayayyafa a jikin sauron, kuma uwa ce ke gadar wa 'ya'yanta ita. An fara sakin irin wannan sauro a arewacin Ostareliya a 2011. Gwajin Yogyakarta a Indonesiya, da aka wallafa a 2021, ya nuna dengi ta ragu da kashi 77 cikin ɗari.

Ma'aikaciyar lafiyar ta ja mana kunne: Aedes daban, sauron maleriya daban, don haka kada kowa ya naɗe gidan sauronsa. Ta ce a zubar da ruwan da ke kwanciya a tsoffin tayoyi, a rufe randa. Na ga tsutsotsi na wutsil-wutsil a tulun gidanmu, maganarta ta shige ni.

Babban malaminmu ya ce wa ɗaliban: "Yarana, ku dubi Kenya. A 2020 masana a can suka gano wata ƙwayar halitta mai suna Microsporidia MB da ke toshe ƙwayar maleriya a jikin sauro. Ku kamo sauron bakin madatsar Dadin Kowa ku bincika."

An kuma amince cewa in za a saki sauro a unguwa, sai an fara zama da mai unguwa da limamai da matan gida.