Wa ya ce Logone-Birni ƙauye ne?

Ɗan Kusiri: Jama'a raina ya ɓaci wlh. Jiya na hau klando, wato abin hawan haya, na je Logone-Birni a arewacin Kamaru, na tsaya bakin kogin Logone inda kwale-kwale ke sauke kifi, na bi ta gaban fadar sarki, gini na laka mai kaurin bango, ko a bazara ka raɓe shi sanyi. Amma tsoffin gidajen kusa wasu ruwa ya cinye yaɓensu, wasu an cire azara an ɗora kwano an shafe da siminti, kuma siminti ba ya zama da laka, sai ya riƙe danshi bango ya kumbura ya zube. Tun 1852 Barth, Bature matafiyi ɗan Jamus, ya sauka garin kan hanyarsa ta Bagirmi da ke Chadi a yau, ya tarar da benaye na ƙasa, mu kuma mun bar ƙauyen nan yana lalacewa.

Jikan Kotoko: Ƙauye?? Malam ka karanta sunan mana, BIRNI. Garin da ke da sarki da ganuwa tun Njamena ba a san za a yi ta ba, sai 1900 Faransa ta kafa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

Ɗan Kusiri: Ɗan'uwa maganar yaɓe nake yi fa

Jikan Kotoko: Ka janye kalmar tukuna.

Hajiyar Marwa: Ni dai inda ba kwalta har ƙofar gida ƙauye nake ce masa, ku yi haƙuri.

Baba Masunci: Hajiya da girmanki? Kakana ya ce da ganuwa ake gane birni, ba da kwalta ba.

Na Gulfe: In ganuwa ce ai tamu ta fi, ku zo bakin kogin Shari ku gani.

Jikan Kotoko: To ga su nan, kullum sai sun tsoma baki. Wa ya kira Gulfe?

Na Gulfe: Da Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, ya zo 1893 ganuwar taku ta tare shi?

Baba Masunci: Yaro taku ce ta tare? A Kusiri aka kashe shi, 22 ga Afrilu 1900, kowa ya sha wuyarsa.

Ɗan Kusiri: Don Allah azara, magina, wa zai koya wa yara yaɓe kafin damina...

Admin: Na rufe. Abin da aka tsayar, Logone birni ne, uwata can aka haife ta kuma ban taɓa jin ta ce ƙauye ba. Ɗan Kusiri ka gyara rubutunka, na Gulfe kuma bai kawo ko hoto ɗaya ba.