Awa Uku Ba Minti Huɗu

Kunkurun Karantina:

Salamu alaikum 'yan zaure. Na ce in na dawo da raina zan ba ku labari, to ga shi. Ranar Asabar, 11 ga Fabrairun 2023, na shiga rabin gudun fanfalaki na Riyad, kilomita 21 da mita 97. Shekarata 47, nauyina kilo 94, sana'ata tuƙi a Jidda. Mai amsawa ya amsa, amma a waƙe.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa gurgu ikon takawa,
Shi ya kai ni wurin gamawa,
Ya maido ni Jidda lafiya.

Likita ne ya fara faɗa min,
Sukari ya soma hawa min,
Tumbi na neman ya tuƙa min,
Ya ce: Direba, kama tafiya.

Bayan Asuba nake fitowa,
Bakin Kurnish nake tsayawa,
Gumi kamar ana zubawa,
Zafin Jidda ba ya ƙarya.

Ran farko ban yi minti uku ba,
Numfashi bai yarda da ni ba,
Wata biyar ban daina zuwa ba,
Har na ci kilomita sha biyar a tashi ɗaya.

Riyad ta tarbe ni da sanyi,
Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi nauyi,
Na ce da kaina: me ka jawo, me ka yi?
Haƙora na kaɗawa tun safiya.

Jami'ar Sarki Sa'ud aka taru,
Larabawa, Turawa, Takaru,
Masu ƙafar barewa sun jeru,
Ni na laɓe can ƙarshen baya.

Da aka tashi kowa ya zabura,
Ni ma na biye musu na ƙara,
Kilomita uku huhu ya yi ƙara,
Na ce: Kunkuru, koma tsohuwar hanya.

Minti huɗu ina sassarfa,
Minti ɗaya ina jan ƙafa,
Ba don haka ba da na kifa
Tun kafin in kai tsakiya.

Wata dattijuwa ta zo ta wuce ni,
Wani mai furfura ya wuce ni,
Har inuwata ta so ta bar ni,
Na dube ta na yi dariya.

Daga sha biyu titi ya zama nawa,
Ba mai tafi, ba mai kiran kowa,
Sai kofunan ruwa nake takawa,
Ragowar masu ƙafar tsiya.

A sha bakwai sharaɓa ta ɗaure,
Na kama ƙarfen titi na daure,
Na ce yau kam zance ya ƙare,
Ƙwalla ta zo, na ji kunya.

Yaron da ke raba mana ruwa
Ya miƙo ayaba yana cewa
"Yalla ya ammi!" har da rawa,
Wai huɗu ta rage, ba wuya.

Ba wuya a bakinsa, ni na san ta,
Kowace ɗaya sai da na roƙe ta,
Ta ƙarshe da salati na ja ta,
Sai ga ƙofar gamawa, gaskiya.

Awa uku ba minti huɗu,
Wasu sun yi wanka sun haɗu,
Sun ci kabsa sun mance da gudu,
Sannan aka rataya min tawa a wuya.

Zomon Sabil:

Kawu barka, amma ni ban gane ba,
Tseren gudu aka ce, ba yawon shan iska ba.
Tare muka je, ba labari aka ba ni ba,
Awa ɗaya da minti 38, ban tsaya ba.
Na sha shayi, na ci tamis, ban gan ka ba,
Na koma masauki na yi barci, ba ka iso ba.
Kiplimo na Yuganda, ba ka ji labarinsa ba?
A Lisbon, 2021, ko awa bai cika ba,
Minti 57 da daƙiƙa 31, ban ƙara masa ba.
Sau uku zai yi shi a jere, kai ba ka gama ba!
Minti takwas da ɗori duk kilomita, ba a taɓa ji ba,
Akuyar da ta ƙoshi ma ba za ta yarda ba.
Wanda ya taka a hankali bai yi gudu ba,
Lambar wuyan nan aro ce, Kawu, ba taka ba.

Inna ta Hindawiyya:

Kai ɗan nan, rufa mana bakinka,
Wanda kake wa tsiya ƙanin uwarka.
Shi ya yanka ragon sunanka,
Shi ya yi ta zirga-zirga kan iƙamarka.
Kilo nawa ne duka-duka nauyinka?
Iskar Jidda in ta so sai ta ɗauke ka.
Ɗora buhun shinkafa a kanka,
Mai kilo arba'in, mu ga saurinka.
Zauna in ba ka abin da ya wuce ka:
Gasar Olamfik ta Landan, 2012, kana cikin ƙuruciyarka,
Sarah Attar ta fito da tutar ƙasar da ta riƙe ka,
Mita 800, ita ce ta ƙarshe, kamar dai kawunka.
Filin ya miƙe tsaye ana tafi, ka ji da kunnenka.
Wa ta zo ta ɗaya a rukunin? Faɗa min, kai da iliminka.
A Rio kuma ta yi kilomita 42, ninkin tserenka,
Ba ta tsaya neman izinin zomo irinka.

Malam na Misfala:

Ɗana Zomo, na ji fatawarka,
Mai takawa bai yi tsere ba a ganinka,
To zo Harami, takalmi a hannunka,
Mu tsaya tsakanin Safa da Marwa.

Sawu bakwai ne, ka san wannan,
Wajen kilomita uku ke nan,
Ina ake sassarfa a cikin nan?
Tsakanin korayen fitilu, sauran takawa.

Nana Hajara ta yi gudu a kwari,
Don ba ta hango ɗanta a sarari,
Da ta hau tudu ta rage sauri,
Kuma Zamzam bai fasa fitowa.

Tseren kawunka in ka lissafa,
Kusan sa'ayi bakwai ne a ƙafa,
Ni ɗaya kan sa in nemi inda zan dafa,
Ƙashi ya daina amsawa.

Ban ce tsere ibada ne ba,
Kada gobe a ce na faɗa, ban faɗa ba,
Misali na kawo, ban ƙara ba,
Lada na wajen Mai bayarwa.

Kai ma Kunkuru, na ga hoto,
Lamba a wuya, murmushi ƙato,
Amma wandon yana neman ceto,
Ya kasa sauka kan gwiwa.

Ɗan Mai Wurno:

Daga Sudan nake gaishe ku. Ban taɓa gudu ba sai in kare ya biyo ni, amma zancen tafiya gadonmu ne, dole in sa baki.

Kunkuru, ka tuno min da kakana,
Ya bar Haɗeja yana nufin Makka da Madina.
Ba mota, ba jirgi, ba mai auna
Kilomita nawa ya ci a rana.
Bayan yaƙin Burmi ne, 1903, in za ku tuna,
Da Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, jama'a ta rasa wurin kwana.
Ɗansa Bello Mai Wurno ya ja su mafitar rana,
Har bakin Shuɗin Nilu, inda garinmu ya samo suna.
Kakana daga baya ya biyo sawu, ya tashi ya zauna,
Damina ta riske shi a Barno, ya tsaya ya yi gona.
Ya wuce Abashe, ƙishirwa ta sha shi kafin Jinaina,
A Fashir jaki ya mutu, ya ɗau kaya a ka cikin ƙuna.
Wasu sun wuce shi a hanya, wasu ya binne su da la'asar ko da rana,
Wasu sun ce nan ma ƙasar Allah ce, suka kafa bukka suka zauna.
A Jazira ya tsinci auduga don guzuri, kwana ya bi kwana,
Har ya auri kakata, aka haifi babana.
Sawakin ya hau kwale-kwale, yana amai yana kiran Rabbana,
Bahar Maliya ta juya shi kamar hatsi a faifai, ba ta san girma ba, ba ta san suna.
Shekara tara ya ga Ɗakin Allah, ya durƙusa ya kasa magana.
Da ya dawo Mai Wurno aka fito da ganga, aka shimfiɗa zana,
Ba wanda ya ce me ya sa ka daɗe, Alhaji aka kira shi har ya kwana.
Kai Zomo jirgi ya ɗauko ka Kano, ya sauke ka Jidda a rabin rana,
Sai ka zo kana auna mana tafiya da agogon hannu, ɗana?

Zomon Sabil:

Inna, Malam, Baba, kun taru a kaina kun danne ni,
Wasa nake da Kawu, don Allah ku yafe ni.
Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da za ta ci ni:
Na gama tun rana ba ta taɓa ni,
Shi ta fito ta same shi a titi, a nan ya fi ni.
Barcin da na ce na yi, ƙarya ce, kun kama ni,
Ina bakin ƙofar ƙarshe a tsaye, tsoro ya cika ni.
Sau shida na kira wayarsa bai amsa ni,
Na fara tunanin me zan ce wa Umma in ta tsare ni.
Da na hango tumbin nan yana tahowa, ihu ya ƙwace mini,
Har wani Balarabe ya ja da baya yana kallona, ya tsorata da ni.
Batun wando kuma, Malam, ni na ara masa, a hukunta ni.
Kiplimo dai ban janye ba, wannan ku bar mini.

Maman Yara:

Ku kuna ta waƙa, ni ke jinyarsa,
Kwana uku ni ke cire masa safarsa.
Bene da baya-baya yake saukarsa,
Sallah a kujera, ruku'u ya gagari cinyarsa.
Farce biyu sun yi baƙi ƙirin a yatsunsa,
Man zafi ya ƙare a kan sharaɓarsa,
Ruwan ɗumi da gishiri nake gasa ƙafarsa,
Yana "wash" kamar mai jego, yara na kwaikwayonsa.
Lambar kuwa ko barci tana wuyansa,
Na ce a rataye ta a bango, ya ce ba a raba kunkuru da ɓawonsa.
Baƙo in ya zo, kafin gahawa sai ya sha labarinsa,
Mai kawo gas ma bai tsira ba, an tsare shi a ƙofa da kayansa.
Amma fa likita ya duba sukarinsa,
Ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa,
Wandon ɗaurin aurenmu ya kusa shiga ƙugunsa.
Sai dai jiya na kama Maigida yana latsa wayarsa,
Wai cikakken, mai 42, yake tambayar kuɗin rajistarsa.
Inna, ki yi masa magana, ke yake jin maganarki fiye da ta matarsa.

Kunkurun Karantina:

Hajiya, kin tona min asiri,
Tambaya na yi, ba alkawari,
Arba'in da biyu sai da shiri,
Ga mita 195 na laɓe a baya.

Farcen nan laifin takalmi ne,
Cif da ƙafa na saya, kuskure ne,
Kumburin ƙafa a dogon gudu dole ne,
A ƙara lamba ɗaya in za a saya.

Riyal ɗari uku na zuba a kansa,
Abebe Bikila na Habasha ya ajiye nasa,
A Rum, 1960, da tafin ƙafarsa
Ya ɗau zinare gaban duniya.

Baba na Mai Wurno, na yi shiru,
Ina karantawa hawaye suka taru,
Awa uku nawa ina za su jeru
Da shekara tara a kan hanya?

Zomo, ashe kai ne mai ihun nan!
Na ɗauka wani ya zautu a gun nan.
Na yafe, zo ka karɓi wandonka ga shi nan,
Malam, na sayi dogo tun jiya.

Juma'a in an sallame Asuba,
Wajen Nafurar Sarki Fahad ku duba,
Kilomita biyar, ba za a yi sauri ba,
Zomo, da buhunka a gadon baya.

Inna ta Hindawiyya:

Maman Yara, bar shi, ba ni shiga tsakaninku.
Ni dai ku ajiye min wuri a ƙarshen layinku,
An ce akwai na kilomita huɗu a tseren Riyad ɗinku,
Baɗi da abayata zan biyo ku,
Wanda ya wuce ni bai gaishe ni ba, zai same ni a gidanku.