Tsofaffin da nake kula da su sun ƙi wasannin da nake shirya musu, ina mafita?

'Yar Fagge a Ingila ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa aiki a gidan kula da tsofaffi.

Na zo ƙasar nan a 2023 da bizar masu wannan aikin, ina wani gida a wajen Bradford mai mazauna 32. Shekara biyu aikina wanka ne da ba da abinci da canza shimfiɗa. Watan jiya matar da ke shirya musu abubuwan ɗebe kewa ta ajiye aiki, manaja ta ce in riƙe kafin a ɗauki wata, wai ta lura suna sakin jiki da ni. Na yi murna, ko ba komai bayana zai huta.

Jadawalin da na gada yana manne a bango: Litinin bingo (wasan da ake kiran lambobi kowa yana dubawa a katinsa), Talata motsa jiki a kan kujera, Laraba fenti, Alhamis mai kiɗa ya zo, Juma'a kallon fim. A takarda ya yi kyau, in masu binciken CQC, hukumar da ke sa ido kan irin gidajen nan a Ingila, sun zo akwai abin nunawa. Amma mutum shida ko bakwai ne ke zuwa, kuma kullum su ɗin ne dai. Sauran suna jere a falo, talabijin na ta yi, babu mai kallonta.

Wanda ya fi tsaya min a rai wani dattijo ne ɗan shekara 87, tsohon mai raba wasiƙu. Ran da na miƙa masa fenti da takarda mai hoton agwagwa, ya dube ni ya ce shi ba ɗan firamare ba ne. Wallahi kunya ta kama ni, don da mahaifina ne ba zan iya miƙa masa wannan takardar ba. Tun ranar ba ya fitowa sai lokacin abinci. Akwai kuma wata baba mai ciwon mantuwa, ƙarfe huɗu na yi sai ta rataya jaka ta tsaya bakin ƙofa wai za ta ɗauko yara daga makaranta, yaran da su ma yanzu sun yi jikoki. In an hana ta sai kuka.

Kuɗin da ake ba ni na shirya waɗannan abubuwa a wata bai taka kara ya karya ba. Me zan yi?

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a wannan harkar, kuma abin da zan fara ce miki shi ne ki manta da jadawalin nan tukuna, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki duba jikinsu. Sau da yawa tsohon da ake cewa ba ya son mutane, batirin na'urar kunnensa ne ya mutu tun makon jiya babu wanda ya kula. Wa zai zauna bingo alhali ba ya jin lambar da ake kira? Ki duba tabarau, ki duba haƙoran roba ko suna ci masa dasashi, ki tambayi nas ɗinku rabon mutum da bayan gida. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa kamar mu, sai ya wuni bai sha ruwa ba, kansa ya ɗaure. In kika ga wanda jiya lafiya lau yau ya rikice farat ɗaya, kada ki ce tsufa ne, ki kai rahoto, ciwon mafitsara yakan yi haka.

Motsa jikin Talata kuwa, sau ɗaya a mako ba ya hana faɗuwa. Tsarin Otago da aka ƙirƙiro a New Zealand sau uku a mako ake yinsa, ƙarfin ƙafa da tsayuwa daram yake koyarwa, kuma ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin 100. Amma don masu zama a gidajensu aka tsara shi, sai masu fisiyo, wato ƙwararrun gashi da motsa jiki, sun duba wanda zai iya a cikin naku. Abin da ke hannunki shi ne tashi da zama daga kujera, sau biyar kafin shayin safe, kullum.

Malam Na Liverpool ya amsa:

Anti Nas ta gama magana a kan jiki. Ni dattijon nan zan kare, don gaskiya ya faɗa.

Malama, ki tuna kakarki. Ni tawa har ta rasu ba ta taɓa zama hannu rabbana ba. Ita ke ɓarar gyaɗa, ita ke tsince shinkafa, ita ake ajiye wa jariri in za a ɗora tukunya, in an yi baƙo ita ake tambaya ɗan gidan wa ne. Babu wanda ya taɓa shirya mata wasa. Bukatarta ake yi, shi ya sa take tashi da asuba. Mutumin da ya yi shekaru yana fita cikin sanyi unguwa guda na jiransa, yau an wayi gari ana yi masa komai, ba a neman komai a wajensa, sannan a ba shi agwagwa ya shafa wa launi.

Turawan ma sun gano haka da kansu. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a Connecticut. Kashi ɗaya aka ba su shuka a tukunya aka ce ku ne masu ba ta ruwa, ku zaɓi daren da za ku kalli fim. Ɗaya kashin su ma an ba su shukar, amma aka ce ma'aikata za su kula da ita. Bayan wata 18, kashi 15 cikin 100 na rukunin farko ne suka rasu, na biyu kashi 30. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba na cewa tukunyar fure na ƙara kwana, rai na Allah ne. Amma waɗanda aka ba wa ragama sun fi walwala da shiga mutane. Wani likita kuma, Bill Thomas, da ya karɓi wani gida a jihar New York a 1991, cewa ya yi cuta uku ke cin tsofaffinsa: kaɗaici, gundura, da jin ba su iya komai. Ya kwaso karnuka biyu, kuliyoyi huɗu da tsuntsaye 100 ya zuba a gidan. Ke kada ki gwada, manajarki za ta sallame ki.

Kina ma kusa da tushen abin. A Jami'ar Bradford Tom Kitwood, masanin ciwon mantuwa, ya yi aikinsa na cewa a fara ganin mutum kafin ciwonsa. Ki nemi fom ɗin ƙungiyar tallafa wa masu ciwon mantuwa, Alzheimer's Society, mai suna This is me, ki zauna da iyalan kowa ku cike: sana'arsa, abin da ya tsana, yadda yake son shayinsa. Daga nan aikin kowa zai fito.

Baban Yara Kaduna ya amsa:

Ni dai da na fara karantawa cewa na yi Allah ya raba mu da kai iyaye irin gidajen nan. Har yanzu ina kan bakana. Amma maganar Malam ta taɓa ni. Hajiyarmu tana gidana, ɗakinta da fanka da firji da 'yar aiki. Ni da kaina na hana ta shiga kicin, na hana ta shara, na ce ta huta ta sha wahala a kanmu. Yanzu wuni take kwance da rediyo, in na shiga gaishe ta minti biyar ne na fito. Ashe abin da nake zagin Turawa a kai ina yin irinsa a cikin gidana, sai dai ni ban kafa allo a ƙofa ba. Yau zan ce a kai mata zogalen ta tsinke da kanta.

Anti Nas ta ƙara:

Na manta babar ƙarfe huɗu. Wannan rikicin yamma ne, sananne ne ga masu mantuwa. Kada ki ce mata yaranki sun girma, za ta ji kamar yau aka ƙwace su. Kada kuma ki tare ƙofa. Ki riga ta: uku da rabi ki kunna fitilu, ki ce ta taya ki shirya tebur, kina tambayarta sunayen yaran da abin da suke so su ci. Ki tambayi iyalinta waƙoƙin da take ji tana budurwa. Ƙungiyar Playlist for Life da Sally Magnusson ta kafa a Scotland a 2013 a kan haka take aiki, kuma sun ce a nemi waƙoƙin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30, su suka fi zama a kai.

'Yar Fagge a Ingila ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Yara, a gaida Hajiya.

Anti, kin canka: mutum uku na samu da mataccen batir. Babar kuwa kwana biyu ta yarda ta ninke min tawul, rana ta uku ta watsar da su ta koma ƙofa, sai na ɗauki rigar sanyina muka zaga lambu tare har ta ce ƙafarta ta gaji. Ɗiyarta za ta turo waƙoƙin ranar Lahadi.

Dattijon na je na same shi, na ce wasiƙun gidan nan suna cakuɗe min, ko zai taimaka. Bai ce komai ba. Washegari ƙarfe tara na tarar da shi a bakin ofis ya sa taye. Ya jera su bisa lambar ɗaki, muka bi baranda yana ƙwanƙwasa ƙofa. A ɗaki na 14 ya yi min faɗa wai ba a miƙa wa mutum wasiƙa a kife. Yanzu matsalata ita ce ranakun da ba a kawo wasiƙa ko ɗaya ba, ko akwai mai dabara?