Tsofaffin finafinan waƙa da rawa na Amurka: da bakinsu suke rerawa?

Binta_K:
Assalamu alaikum. Masana fim, don Allah a warware mini. A finafinan waƙa da rawa na Hollywood, na shekarun 1930 zuwa 1960, jaruman ne ke rera waƙar a gaban kyamara? Sannan me ya sa a talabijin na zamani fuskokinsu ke yin faɗi, motsin kuma ya koma tamkar bidiyon waya?

Malam Sada:
Wa'alaikumussalam, Malama Binta. Ba a gaban kyamara ake rerawa ba. Ana fara naɗar waƙar a situdiyo tare da makaɗa, ranar ɗaukar hoto sai a sake ta a lasifika, jarumi yana bin ta da baki. Mai rawa haki yake yi, ga ƙarar kyamara da zirga-zirgar ma'aikata, makirufo kuwa ba ya zaɓe. Hatta ƙwas-ƙwas ɗin takalmin rawa daga baya ake ɗora shi, kuma mai tsara rawa Hermes Pan ya sha taka wa jaruma Ginger Rogers nata.

Wani sa'in muryar ma aro ce. Marni Nixon ce ta rera wa Deborah Kerr a The King and I (1956), da Natalie Wood a West Side Story (1961), da mafi yawan waƙoƙin Audrey Hepburn a My Fair Lady (1964), ba tare da an sa sunanta a fim ɗin ba. In kina son kama aikin, dubi leɓe a kan "m" da "b" da "p". In bai rufe daidai lokacin ba, an yi kuskure.

Injiniya_Bala:
Tambayarki ta biyu laifin akwatin ne, Hajiya. Kafin zuwan CinemaScope, tsarin fim mai faffaɗan hoto, a 1953, hoton fim kusan 4:3 ne. Talabijin ɗin yanzu 16:9 ne, sai ya ja hoton gefe da gefe don ya cika allo. Shiga saitin girman hoto ki zaɓi 4:3, ki bar baƙin da ke gefe a yadda yake.

Motsin kuma, fim hoto 24 ne a daƙiƙa, akwatin yana ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakani. LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Kashe shi gaba ɗaya, don a rawa mai sauri har ƙafa yake dagulawa. Ki rage launi ma kaɗan. Technicolor, tsarin fim mai launi na wancan lokaci, da ma a cike yake: kyamararsa tana raba haske a kan zaren fim uku, shi ya sa ake zuba fitilu har ɗakin ɗaukar The Wizard of Oz (1939) ya riƙa kai wa digiri 38.

Yaya Asabe:
Ni aron murya bai taɓa damuna ba, tunda rawar ba a aronta. Fred Astaire, jarumi ɗan rawa, ya dage a nuna shi tun daga kai har ƙafa, ba yawan yanka hoto. In ƙafa ta goce a ƙarshen minti uku, sai a koma farko. Na yanzu kuwa kowace daƙiƙa biyu an yanka, wanda bai iya ba ma sai ya wuce.

Haka barkwancin talabijin. I Love Lucy (1951) da kyamara uku aka ɗauke shi a gaban 'yan kallo, don haka jarumi dole ya dakata dariya ta lafa kafin ya ci gaba da magana. Inda aka ɗora dariyar na'ura, irin wadda Charley Douglass ya ƙera, kunne na ganewa: tsawonta ɗaya ko zancen bai kai ba.

Malam Sada:
Yaya Asabe, a nan na ɗan saɓa miki. Ba duk na da ne ke gudun dabara ba. A Royal Wedding (1951), inda Astaire ya yi rawa a bango da rufi, ɗakin aka gina cikin katafaren ganga mai juyawa, aka ɗaure kyamara da kayan ɗakin suna juyawa tare. Shi dai yana taka duk ɓangaren da ya dawo ƙasa. Sai dai in juyin ya riga shi da taku ɗaya, faɗuwa zai yi.