Wane suna za mu ba "lime" na gini da Hausa?

Magina da malaman Hausa na Kaduna, ku matso kusa. Akwai kalmar da ke ba ni wahala duk sanda zan yi wa mai gida bayanin gyaran bango: lime, wanda ake yaɓe da shi. Ba lemun tsami ake nufi ba. Kuma ban yarda mu are ta mu ce "layim" ba, don a kunne ta yi kusa da laima, wato danshi, alhali laimar ce ake yaƙi da ita.

Ga abin da ya sa na matsa. Tsofaffin gine-ginen jan bulo na garin nan, irin waɗanda aka yi bayan dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, bangonsu a cike yake, babu rami a tsakiya irin na bulon siminti mai inci tara. Idan ruwan Agusta ya sauka, bangon kan sha, ta sama da ta ƙasa. Muddin yana da hanyar fitar da abin da ya sha, lafiya lau. Sai a zo gyara a lafta masa fulastar siminti mai ƙarfi. Ta tsage siriri, ruwa ya shige ta tsagar, ya rasa mafita. Fenti ya kumbura, farin gishiri ya fito, ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ka ji wurin yana amsawa kamar ganga. Mai gida ya ce a sa tayil zuwa ƙugu. Damina na zagayowa, laimar ta haura saman tayil ɗin, jan bulon kuwa yana ruɓewa a ɓoye. Wannan ne ke ci mini rai, don bulon da ya marmashe ba ya dawowa.

Shi lime daga dutsen da ake yin siminti da shi yake, irin na Ashaka da Kalambaina da Obajana. Ana ƙona shi a zafin kusan digiri 900, na siminti kuwa sai ya kai wajen 1450. In aka zuba wa ƙonannen ruwa sai ya tafasa yana tururi, yana cin hannu, ido kuwa ba a magana. Bayan ya kwanta a gauraya kashi 1 da yashi kashi 3. A hankali yake ƙarfi, yana jan iskar kabon daga sarari, kuma yana barin laima ta fice ta jikinsa ta bushe.

To, sunaye. Mafi yawan mutane farar ƙasa suke cewa, kuma ba su yi ƙarya ba. Damuwata ita ce farar ƙasa ta haɗa har da wadda ake haƙowa a jiƙa a shafe ɗaki, wadda ba ta ga wuta ba. Ka aiki yaro da wannan suna, ya kawo maka abin da ba zai riƙe yashi ba. Alli kuma na allo ne.

Wani dattijon magini ya ba ni shawarar laso. Na ji daɗin tuna ta da ya yi, amma laso abu ne mai zaman kansa: yaɓen gargajiya ne da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. In muka ɗauke sunansa muka ba baƙo, jikokinmu ba za su san namu ba.

Ni dai na tsaya a kan tokar dutse. Toka ta nuna an bi ta wuta, ta kuma gargaɗi lebura cewa abin yana da kaifi, kamar yadda kowace uwa ta san ruwan toka. Ta raba shi da garin dutse na kwari, wanda niƙa shi kawai aka yi. Ɗanyen dutsen ya riƙe sunansa, dutsen farar ƙasa. Wanda aka kashe da ruwa mu ce jiƙaƙƙiyar tokar dutse. Aikin kansa kuma yaɓen tokar dutse, mu bar wa siminti kalmar fulasta, yadda da jin sunan birkila zai san wanne ake so.

Sai dai kada mai gida ya ɗauka yaɓen zai yi komai shi kaɗai. In indararo na zuba a gindin bango, ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, a fara gyara wannan, a kankare tsohuwar fulastar, a bar bangon ya sha iskar hunturu kafin a yaɓa.