Tsohuwar fitilar bango mai hannu biyu, me ye aikin ɗan famfon nan?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na tsinci wata tsohuwar fitilar bango wajen masu kayan Beljiyam, nauyi kamar me, mai kayan har da rantsuwa wai tagulla ce zalla. Abin da ya ɗaure min kai hannu biyu gare ta, ɗaya ya kalli ƙasa da mazaunin ƙwai, ɗayan ya kalli sama babu waya sai bututu da ɗan famfo da ake murɗawa. Me ye aikinsa? Kuma zan iya jona ta haka?

Dattijo:
Wa alaikumus salam. Ai ka yi tsintuwa, famfon nan na gas ne. Kafin zuwan lantarki, da gas Turawa ke haska gidaje, to da Ba'amurken nan Thomas Edison ya fito da ƙwan lantarkinsa a 1879, ya buɗe tashar wuta ta Pearl Street a New York a 1882, mutane ba su sakankance ba, wuta na yawan ɗaukewa, wasu kamfanonin ma sai dare suke bayarwa, shi ya sa maƙera suka riƙa haɗa biyun a jikin fitila ɗaya har farkon shekarun 1900. Harshen wuta dole sama zai kalla, shi kuwa ƙwai ana kifa shi ƙasa, dama ƙwayayen lokacin haskensu dishi-dishi ne.

Mai Wayarin:
Oga don Allah kar ka jona ta! Wayoyin da roba ce aka naɗe da zare, ta riga ta bushe, kana taɓawa take marmashewa, ga jikin duk ƙarfe kuma babu wayar at mai kai wuta ƙasa, shokin kawai za ta ja ka. A zare tsohuwar waya a zura sabuwa, a duba mazaunin ko mai murɗawa ne ko mai fin irin na Ingila.

Maman Nana:
Hhh ashe su ma sun sha "an ɗauke", mu da aci-bal-bal su da gas. Yaya ka manna mata maganaɗisu, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Kuma kar ka dirje ta da lemon tsami da toka irin yadda muke wa tasa, duhun nan masu saye ke nema.

Baban Ilham:
Kash, ai yara sun riga sun dirje hannu ɗaya tun safe. Maganaɗisun dai bai kama ba. Mai Wayarin ina shagonka yake?