Saita madubin hangen taurari da tauraron tocila: wane nisa ya dace?

Mai_Kallon_Zara:
Assalamu alaikum. Ina da na'urar hangen taurari samfurin Newton, faɗin babban madubinta milimita 200, nisan da take tattara haske kuma milimita 1200. Tun shigowar damina hadari ya hana ni ganin tauraron da zan daidaita zaman madubban na'urar da shi, don haka na rufe bakin tocila da takardar alminiyum, na huda ta da allura, na ajiye ta a nisan mita 10. Duk yadda na murɗa, hasken ya ƙi tsayawa ɗigo guda. Shin madubin ne ke da aibi, ko kuwa ni ne na kuskure?

Dattijo_Gilashi:
Wa alaikumus salam. Malam, madubinka lafiyarsa lau, tocilar ce ta yi kusa. An ƙera madubin ne domin hasken da ya taso daga nesa ƙwarai, saboda haka idan fitila ta matso, wurin da hasken ke haɗuwa yakan ja baya, ya wuce inda gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa a jikin na'urar, ke iya kaiwa. Masu wannan aiki sukan ce kada nisan ya gaza ninki 20 na nisan tattara hasken, wato mita 24 a taka na'urar, ni kuwa da mita 30 zan ba ka shawara. Ko a can ma matattarar za ta fito waje da kusan santimita 5, don haka sai ka tanadi ɗan bututun ƙari da zai fito da gilashin idon waje.

Hudar ma tana da ƙa'ida. A mita 30, madubi mai faɗin milimita 200 yana soma rarrabe abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, saboda haka dole hudar ta gaza hakan, in ba haka ba zobban hasken da ake dubawa kewaye da ɗigon wajen saiti za su dushe. Allurar ɗinki takan zarce wannan girman, sai dai a ɗora takardar a kan gilashi, a ɗan taɓa ta da tsinin kawai.

Injiniya_Boris:
Ni na daina wahalar huda. Ƙwallon boris mai sheƙi nake ajiyewa, in haska shi da tocila daga 'yan taku, sai ya mayar da hasken ɗan ƙanƙanin ɗigo. A sa gilashin ido na milimita 6, wanda zai ƙara girman abin da ake kallo ninki 200, a kawo ɗigon tsakiya sosai, sannan a ɗan kauce wa saitin gani har zobba su bayyana. Idan inuwar ƙaramin madubi, wanda ke juya hasken zuwa gilashin ido, ta karkata gefe, a murɗa ɗaya daga kusoshi ukun babban madubi kaɗan, a sake maido ɗigon tsakiya kafin a yanke hukunci, domin a gefe ko madubin da ya saitu zai nuna karkata.

Dattijo_Gilashi:
Haka ne, Injiniya, amma a yi hattara da abu biyu. Idan bututun na'urar yana kwance, madubin kan ɗan gusa a mazauninsa, don haka sai an tabbatar da saitin da tauraron gaske ranar da gari ya washe. Sannan kada a yanke wa siffar madubi hukunci da fitila ta kusa, domin kusancin da kansa yana sa zobban da ake gani kafin matattarar hasken da na bayanta su bambanta. Amma idan ɗigon ya fito mai kusurwa uku, maƙalan da ke riƙe babban madubin ne suka matse shi.

Mai_Kallon_Zara:
Na gode ƙwarai. Na gwada da asuba a filin ciyawa, kafin ƙasa ta ɗau zafi, zobban kuwa suka fito sarai, sai dai masu kusurwa uku ne. Yanzu zan sassauta maƙalan.